Gurasar Rogo a Kan Rufin Kaka

Jirgin saman da ke zuwa garinmu daga birnin Villavicencio ya girmi mahaifiyata. Farfela biyu gare shi, cikinsa warin fetur da albasa. Muna zaune a kan benci jikin bango, buhunan shinkafa ɗaure a tsakiyarmu. Ta taga, daji ya shimfiɗu kamar koren bargo, gajimare na ratsa farfela yana fitowa a yayyage. Tun ina ƙarama rurin nan ke sa ni gyangyaɗi, in ji kamar ana lilo da ni a ragar kwanciya.

Ranar dai ban runtsa ba. Saƙo ya iso mini cewa Kaka Ofelmina ta kwanta, tana ta kiran sunana. Gidanmu yana can saman kogi, nesa da filin jirgi, ba waya. Al'adar ita ce, in ɗan gida yana cikin jirgi, ya je ya faɗa wa matuƙi, shi kuma ya sauko ya yi ruri a kan rufinsu, sai a turo kwalekwale. Wanda ya yi shiru yakan kwashe kwanaki a gari yana jiran mai zuwa saman kogi. Kaka ba ta da waɗannan kwanakin.

Na miƙe, na koma na zauna.

Doña Eduviges, mai sayar da kaji da ke kusa da ni, ta harare ni. "Yurany, duk jami'ar nan ba a koya miki buɗe baki ba?"

"Kunya nake ji, Inna."

"To kunyar ce za ta tuƙo miki kwalekwale? Tashi, ko in aika zakarana, ya fi ki murya."

Ta tunkuɗa ni gaba.

Matuƙin, Kyaftin Arcesio, yana kurɓar kofi, tagarsa a buɗe. Na faɗi sunan Kaka.

"Ɗaga murya, 'yata! Tsohon jirgin nan ya cinye mini kunnuwa." Ya shafa jikin jirgin.

"Gidan Ofelmina!" Ni kaina na tsorata da muryata.

"Yauwa. To nuna mini. Ambaliyar bara ta sauya wa kogin hanya, na daina gane gidajenku."

Muka sauko ƙasa-ƙasa. Kogin yana walƙiya, ya yi lanƙwasar da ban san ta ba. Rairayin da muke wanka a kansa ya ɓace. Rufin ganye nan da can, duk iri ɗaya, kowanne da fararen gurasar rogo suna shan rana, jere a layi.

"Man jirgi ba ya jira, 'yata."

Sai na hango wani rufi da gurasarsa ba a layi take ba. An jera ta a da'ira, kamar zoben da ke kewaye wata. Kaka ce kaɗai ke haka, kuma mahaifiyata ba ta taɓa yi sai in tsohuwar tana kanta da faɗa.

"Can! Wancan!"

Ya karkata fiffike, ya saki ruri har ƙasusuwana suka amsa. Inuwarmu ta haye rufin, kaji suka watse. Na ga kawuna yana gudu zuwa bakin ruwa da filafili a kafaɗa. A ƙarƙashin rumfa kuwa, daga cikin ragar kwanciya, wani siririn hannu ya ɗago a hankali, yana kaɗa farin ƙyalle.