Gwangwanin Baba Gajere

"Ajiye shi! Na ce ka ajiye shi, ban mutu ba tukuna!"

Muryar maƙwabcina Baba Gajere ce ta tsallako katanga ina cikin alwalar la'asar. Na yi sallama na shiga. Yana kwance kan tabarma a ƙofar ɗaki, numfashi na yi masa wuya, ɗansa Salman kuma na tsaye riƙe da wani tsohon gwangwanin madara.

Duk unguwarmu a Kusada an san gwangwanin nan. Shekara goma sha biyu Baba ya yi yana shara a wani banki a Kankiya. Akwai injin ƙirga silalla a can, wanda in ya ci karo da kuɗin da bai sani ba sai ya tofo shi gefe. Ma'aikata ba su ko kallonsu. Shi kuwa da an tashi aiki sai ya durƙusa ya laluba aljihun injin. Haka ya tara anini, da kwabo mai huji, da sulen zamanin Turawa, da dalar Maraɗi. Kowanne ya san ranar da ya same shi.

"Baba, ƙarfe ne fa," in ji Salman. "Ko gishiri ba mai ba ka da su."

"Da irin wanga kakanka ya yi sadakin kakarka, marar kunya. Ajiye!"

Salman ya dangwarar da gwangwanin ya fice. Baba ya kamo hannuna.

"Shehu, tafi da shi gidanka yanzu. Ka kai wa hedimastan makarantarmu, yara su gani da idonsu."

"Bar shi sai Litinin, Baba. Gobe Asabar ina Yashe wajen girbi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya saki hannuna.

Ranar Lahadi da hantsi Baba ya cika. Kafin azahar mun kai shi. Washegari na shiga na durƙusa gaban matarsa Inno, na yi mata gaisuwa, na tambayi gwangwanin.

"Malam Shehu, tun jiya Salman ya ɗauke," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ana zaman makoki ya hau babur. Wai Ɗanmaliki maƙeri na jiransa a Kankiya."

Ko gida ban koma ba, na tare ɗan acaɓa. Duk hanya ina zagin Salman a zuci, ina zagin kaina fiye da shi. Mutum ya roƙe ni abu ɗaya, na ce masa Litinin.

Na tarar da Ɗanmaliki a rumfarsa yana zuga wuta.

"Ina kuɗin da yaron nan ya kawo maka?"

"Wane kuɗi? Ƙarfe na saya."

"Amanar mamaci ce! Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba!"

"To ni mi na sani? Ba wanda ya gaya mini." Ya nuna gefensa da awartaki. "Ga su nan."

Zobba ne, jere kan yashi, sun fi ashirin. Duk ya narkar da silallan ya ƙera su.

Wata mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a bakin rumfar. Ta ɗauki zobe ɗaya, ta hura masa iska don da sauran zafi, ta zura a yatsa, ta miƙa hannun cikin rana tana jujjuya shi.