Sabuntawar da Ta Ƙi Ƙarewa

Layin da ke kan allon ya cika a karo na huɗu, kwamfutar ta rubuta cewa an gama sabuntawa, Injiniya ta zuba wa allon ido. Ko minti guda ba a yi ba alamar ta koma ja, layin ya dawo farko ya ci gaba da rarrafe. Ta ja tsaki mai tsawo, har tsohon da ke goge tagogi ya waigo.

A takarda dai ba injiniya ba ce. Ma'aikaciyar gwaji ce a sashen kwamfuta na wani kamfanin aika kaya, watanta shida saura 'yan kwanaki da ɗauka. 'Yan reshe ne suka laƙaba mata sunan, rabi girmamawa rabi tsokana. Abin da ya hana ta sakat kuwa manhajar tsaro ce, wadda ke tare masu leƙen asiri kada su kwashe adireshi da lambobin wayar jama'a. Manhajar kamar maigadi take: kullum hedikwata kan aiko mata da sabon jerin ɓarayin da aka gano, ta karɓa ta adana. To, ta kwamfutar teburin gaba a reshe na shida sai ta karɓi jerin, ta yi godiya, ta yar, ta sake miƙa hannu. Kusan wata guda ke nan ana wannan wasan yara.

Jiya Shugaban sashe ya kira ta ofishinsa, ya juyo mata da allonsa. Rassa goma sha ɗaya kore shar, ɗaya ja jawur. Ya ce takardu biyu ne a kan teburinsa, ta tabbatar da ita a aiki da ta sallama, kuma ƙarfe huɗu na yau zai sa hannu a ɗaya. Yana son ya ga kore, yana son dalili, in kuma hannun mutum ne a ciki yana son suna. Zuwanta biyu na baya da hantsi ta yi su, ta yi 'yan dabarunta ta koma ba nasara. Shi ya sa yau bakwai da rabi ta same ta a bakin ƙofa, babu kowa sai Baba Masinja da tsummansa.

Tun da ta zauna a kujerar nan tsohon ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya tambaya ko aikin mai daɗewa ne. Ya ce ya dafa shayi a ɗakin baya, kuma shayinsa ba ya daɗi in an kawo shi gaba. Ya ce kujerar da take kai ƙafarta ɗaya na rawa, kada ta kayar da ita. Injiniya ta jijjiga kujerar, ta ji ta daram, ta gode masa ta ci gaba da aikinta.

Ta share tsofaffin jerin da suka taru a ma'ajiyar manhajar, ko wani gurɓatacce ne ya tokare hanya. Ta duba ko wuri ne ya cika, ta ga fili kamar filin ƙwallo. Ta tsayar da manhajar ta sake tayar da ita. Ta ciro filash, 'yar ma'ajiyar bayanai, daga jaka, ta ɗora jerin da ta kwafo daga hedikwata da hannunta. Kwamfutar ta karɓa cikin ladabi, ta yi kore na ƙiftawar ido, ta koma gidan jiya.

Ƙarfe takwas da rabi ta wuce Mai Hatimi ta faɗo ofis tana haki, matar da kowace takardar reshen sai ta bi ta ƙarƙashin hannunta. Ta nufo teburin gaba kai tsaye, tana ganin wadda ke zaune ta ja birki, ta shiga gaisuwa kamar sun shekara ba su haɗu ba. Bayanta Dogo direba ya shigo, sai masu awon kaya biyu. A wannan kwamfutar kowane ma'aikaci ke buga lambarsa da safe, ita kuma ta rubuta lokacin zuwansa ta aika hedikwata. Injiniya ta san da haka, don haka ta matsa gefe ta ce su zo su buga, ba ta son ta tare musu hanya.

"Haba Injiniya, aikinki ya fi namu muhimmanci," in ji Mai Hatimi. "Mu da muke nan har yamma, saurin me muke yi?"

Dogo ya ce shi ma hannunsa duk baƙin mai ne. Hannun nan kuwa tas yake. Suka yi cirko-cirko a tsakar ofis, kowa na satar kallon Baba Masinja, shi kuma yana ta goge tagar da ya riga ya goge sau uku.

Ta cire manhajar gaba ɗaya ta sake sa ta sabuwa fil. Wannan ne makaminta na ƙarshe, kuma ta san da haka. Layi ya cika, alama ta yi kore, ta fara hamdala a zuci, kafin ta kai ƙarshe abin ya koma ja. Tsoro take ji na gaske, domin ta sha zaman gida shekara uku kafin ta sami wannan aiki, ta san ɗanɗanonsa.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce. Ba a jin magana sosai a ciki, sai ta fita bakin titi. Inna ta kira ne ta ji ko an sa hannu a takardar, don ita ta riga ta faɗa wa maƙwabta an tabbatar da 'yarta, har matar gidan kusa ta shigo barka. Injiniya ta ce a ci gaba da addu'a dai. Tana sauraren Inna ta juyo, idonta ya faɗa kan tagar nan da ta sha guga.

Baba Masinja ne zaune a kujerarta, tabarau a kan hanci, ya damƙi linzamin kwamfuta da hannu biyu. A bayansa ma'aikatan reshe sun yi layi tsaf, Mai Hatimi a gaba.

Ta yi wa Inna sallama, ta turo ƙofa a hankali. Dogo ya shiga karanta kalandar bango. A kusurwar allon agogo na cewa takwas saura minti biyar, na hannunta na cewa tara saura minti biyar.

"Baba, me kake yi?"

"'Yata, taimako ne."

Da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya kwance mata bakin jaka. Aikin sakatariya ne tun asali. Kowace safiya takan mayar da agogon baya da awa ɗaya, kowa ya buga lambarsa, sannan ta mayar da shi daidai. Shekara biyu ana haka, har hedikwata ta aiko wa reshen takardar yabo kan zuwa aiki da wuri, ga ta can an sa mata gilas an rataye. Da sakatariya za ta tafi hutun haihuwa sai ta danƙa masa amanar, tunda shi kaɗai ke zuwa kan lokaci. Ta nuna masa sau ɗaya tana sauri, ta ce ya buɗe nan, ya rage ɗaya.

Injiniya ta ce ya nuna mata yadda yake yi. Ya buɗe wurin saita agogo, ya nuna akwatin awa. Sannan ya nuna wani akwatin a sama, mai lambobi huɗu. Ya ce ya manta wanne sakatariya ta ce, shi ya sa yake rage ɗaya a kowanne, don a fita haƙƙi. In kowa ya gama bugawa sai ya mayar da na ƙasa, tunda shi ake gani a kusurwa. Na saman kuwa bai taɓa ganin ya dami kowa ba.

Ta leƙa akwatin na sama. Shekara ce. Kwana goma sha tara tsohon nan yana aikin alheri, kwamfutar ta koma baya shekara goma sha tara cif. Yo ina laifin manhaja! Ana miƙo mata jerin da aka rubuta a shekarar da a ganinta ba a zo ba tukuna, dole ta ce jabu ne ta nemi wani.

"Wato yanzu a cikin kwamfuta ban yi aure ba ke nan," in ji Mai Hatimi.

Dogo ya ce shi ya yarda a bar shi a can, lokacin yana da gashi. Babu wanda ya yi dariya sosai, sai Baba da ya tambaya a hankali ko shekarun za su dawo.

Gyaran bai ci minti biyu ba. Ta mayar da shekara, ta mayar da awa, ta danna sabuntawa. Layi ya cika, alama ta yi kore, ta zauna a koren. Ta jira minti goma, ta kashe kwamfutar ta kunna, kore dai. Daɗi ya kama ta, kunya ta biyo baya ta danne shi. Duba kwanan wata shi ne abu na farko da ake koya wa ɗan koyo, ita kuwa zuwa biyu tana kallon awa a kusurwa tana wucewa.

Goma da 'yan mintuna Manajan reshen ya shigo yana kaɗa makullin mota. Ya buga lambarsa ko kallon allo bai yi ba, har ya juya sai ya dawo. Ya karanta lokacin, ya cire tabarau ya sake karantawa, ya kalli Baba Masinja. Mai Hatimi ta raɗa masa abin da ya faru. Ba a jima ba aka ce yana kiran Injiniya.

Ya ba ta kujera mai taushi, ya yaba ƙwazonta, ya ce tun ranar farko ya ga alamar za ta yi nisa. Sannan ya sauko kan magana. Batun buga lamba, a bar kaza cikin gashinta, reshe ne mai takardar yabo. In hedikwata na son suna, ai sunan a fili yake: tsoho ya ruɗe, ya taɓa abin da ba a sa shi ba. Ya ce abin tausayi ne, wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya, amma doka doka ce, duk wanda ya yi wasa da na'urar kamfani kora ce ba ko sisi. Ita kuma ta samu takardarta. Ya faɗi haka yana murmushi, mutumin da bai taɓa ganin ƙarfe takwas a ofis ba.

Ta fito ranta a ɓace. Ta haɗa agogon kwamfutar da na hedikwata, ta kulle shi da kalmar sirri, yadda ko ita sai ta nemi izini kafin ta taɓa. Ta zauna tana juya biro a kan fom ɗin rahoton da za ta aika hedikwata, gurbin suna na kallonta. Ta rubuta, ta soke, ta sake rubutawa. Baba ya kawo mata shayin har teburin gaba, ya ajiye ya koma.

Ƙarfe uku Shugaban sashe ya kira. Ya ce ya ga kore, saura dalili. Ta ce kwanan watan kwamfutar ne ya kauce, manhajar ta riƙa ƙin karɓar jeri.

"Kwanan wata ba ya tafiya da ƙafarsa. Wa ya taɓa?"

"Agogon a buɗe yake, ranka ya daɗe, duk wanda ya zauna zai iya taɓawa. Kulle shi aikina ne tun zuwan farko. Ban kulle ba, ban ma duba ba."

"Suna na tambaye ki."

"Nawa na rubuta."

Shugaban ya ce wanda kwanan wata ya kayar wata guda bai isa a tabbatar da shi ba, amma wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa ba a korarsa. Ba zai sa hannu a ko ɗaya ba. Ta ƙara wata shida a gwaji, ya ga hankalinta. Ta ce ta gode. Ta ajiye wayar, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ga kuma Inna da maƙwabtanta suna jira.

Da ta tashi tafiya babu wanda ya ce mata Injiniya. Mai Hatimi na buga hatimi kamar da takardun take faɗa, Dogo na tambayar masu awo ƙarfe nawa motar farko ke tashi daga unguwarsu. Baba Masinja ne kawai ya ɗauki jakarta ya raka ta tashar bas, bai san abin da aka faɗa a ofishin Manaja ba, bai san na waya ba. Tafiya yake fuska a murtuke. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, babu abin da zai same shi.

Ya ce shi ba wannan ne ya dame shi ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina buɗe ƙofar nan, 'yata, ni ke gaida kowa. Wata gudan nan ne kawai ake shigowa a fara gaishe ni, har Manaja ya san ina da ciwon gwiwa." Ya miƙa mata jakar, bas na tsayawa. "Ke dai kin iya aikinki, ba a ce ba. Amma ba ki da tausayi."

Ta ce ya yi haƙuri, ta hau bas ɗin, ta ciro waya ta fara neman lambar Inna.