Kunun Aladun Ejvind

Tun da matarsa Bodil ta rasu, gidan gonar Ejvind Krogh da ke yammacin Jutland ya koma wurin da ba a jin muryar kowa sai ta aladu. 'Yarsa na birnin Aarhus, takan bugo waya ran Lahadi, minti biyar ta ce tana sauri. Mutum ɗaya ce ke taka ƙofarsa, Solvej, mai ba manoman yankin shawara kan abincin dabbobi. Ita ma ba zumunci ke kawo ta ba, 'ya'yan aladunsa ne suka ƙi girma.

Ita ta kawo masa garin enzayim, ta ce ya riƙa zubawa a abincin waɗanda aka yaye, zai taimaki hanjinsu ya narkar da sha'ir da alkama, su ci kaɗan su yi ƙiba. A gonakin maƙwabta abin ya yi aiki. A wurin Ejvind kuwa, mako biyar, ko gezau. Shi ya sa duk Talata sai ga farar motarta. Ta ɗora 'yan aladun a sikeli, ta duba kashinsu, ta girgiza kai, sannan su zauna a kicin su sha kofi. Mutumin da a da sai Bodil ta yi da gaske kafin ya aske gemu, yanzu tun Litinin yake askewa.

"Kai dattijo, anya ba kai kake shanye garin nan ba?" in ji ta. "Kana ƙiba, su suna ramewa."

"Da na sha, yarinya, ai da ƙofar nan ba ta ɗauke ni ba."

Wata Alhamis da safe, ya yi sa'a tabarau na kan hancinsa, idonsa ya faɗa kan ƙananan rubutun bayan buhun garin. Kada a haɗa da ruwa mai tafasa, zafi na kashe shi. Ya dubi butar da ke hannunsa tana tururi. Shekara arba'in Bodil na dama wa 'yan yaye kunu da tafasasshen ruwa, wai cikinsu ba ya son sanyi, shi kuma ya ɗora daga inda ta tsaya. Solvej da hantsi take zuwa, an riga an gama ba su, ina za ta gani?

Ya san da zarar sun fara girma, zuwan Talata ya ƙare. Gaskiya dai ba daɗin faɗa: ran Juma'a ya sake dama musu da ruwan zafi, yana sane. Asabar ma haka. Ran Lahadi ya ɗaga wata 'yar ƙarama don ya gyara mata wuri, sai ya ji haƙarƙarinta a tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a aikin nan. Ya ajiye butar ya jira ruwan ya huce.

Ran Talata ya faɗa wa Solvej, ban da maganar Juma'a da Asabar. Ta yi dariya har da dafa bango.

"Kunu? Wayyo Ejvind, ka ba ni wahala! To ka hutar da ni. Ci gaba da haka, in ka ga matsala ka kira."

"Ba za ki zo ki auna su ba?"

"Haba dai, ai ka fi ni iya sikeli. Mako mai zuwa ma ina Viborg."

Bayan mako biyu ya auna su da kansa. Sun yi nauyi, har waccan 'yar ƙaramar. Ya karanta lambar da ƙarfi, ya juya gefen da Solvej kan tsaya da littafinta. Ba kowa a wurin, sai ya buɗe wa 'yar alade ta gaba ta hau sikelin.