Kabejin da Bai Dunƙule Ba

Ƙanen mijina ne ya cuce ni, shi da shagonsa na sayar da iri, kuma ko a gaban wa zan maimaita.

Irin kabeji na je nema. Ya ƙulle min shi a leda, ƙanana, baƙaƙe, mulmulallu, ya ce, "Yaya, ke kaɗai na ɓoye wa wannan." Na shuka a filin da maƙwabci ya ara min na shekara guda, don marayun jikokina su ci, in kai saura kasuwa. Da wannan bayan nawa mai ciwo na yi ta jan ruwa.

Ya tsiro da ganye biyu, sak kabeji. Na zauna jiran ya dunƙule, shiru. Sai ma ya miƙe siriri, ganyensa da kaushi kamar harshen kyanwa, ya fid da fure rawaya. Na ce ƙila sabon samfuri ne. Har taki na ƙara masa, ni wawuya.

Jiya na taho in tambaye shi, na biyo ta bakin titin da ke bayan shagonsa, inda direbobi ke tsayawa su yi fitsari. A nan na ga kabejina jere a gefen kwata, ba mai ba shi ruwa. Na durƙusa na duba: fure rawaya mai kunne huɗu, ganye mai kaushi. Na murza shi, yajinsa ya daki hancina kamar yadda na gonata ke yi. Siraran kwanson da irin ke ciki kuwa duk an tsige su, wani ya riga ni girbi.

Na tumɓuke ɗaya na shiga shagon na aza masa a kan kanta. Ko kunya bai ji ba.

"Haba Yaya, ai dangin kabeji ne. Gidansu ɗaya."

"Kai ma gidanku ɗaya da marigayi mijina," na ce, "amma ban ga ka dunƙule ba."

Maƙwabci zai karɓi filinsa ƙarshen wata. Yara kullum sai sun leƙa ko kabeji ya yi kai.

Shugaban kasuwa, ga tsiro biyu a kan teburinka, ɗaya daga gonata, ɗaya daga bakin kwata. Ka ware min nawa. In ka kasa, ka aika a kira shi ya zo nan ya amsa, a gaban jikokin yayansa.