Golmon Philip

Philip ya sara garma cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kifar da ita a gindin dawa, ya matsa gaba. Tafin hannunsa ya yi kanta tun bara, bana kuwa ko zafi ya daina ji. Dama da hagunsa samarin ƙauyensu ne, 'yan golmo, suna huɗa a jere suna waƙa da yarensu na C'lela.

Gonar Baba Yari ce, tsohon soja, mahaifin Leah. A wajensa duk mai son 'yarsa sai ya yi masa noma damina bayan damina tare da sa'o'insa, kamar yadda shi ma ya yi kafin ya auri uwarta. Da yawa a cikin garin Zuru sun sassauta wannan al'ada, shi kam ya ce digiri ba ya ɗauke wa namiji golmo. Wanda kuma ya ajiye garma a tsakiyar damina, duk noman da ya yi a baya ya tashi a banza.

Philip ya karanta ilimin ƙasar noma a Sakkwato, ya gama bautar ƙasa, ya samu gurbin digiri na biyu a Zariya. Wani malami a can har ya yi masa alkawarin ɗaukarsa mataimaki. Bara ya roƙa aka ɗaga masa. Bana yajin aiki ya turo rajista tsakiyar damina, aka kuma gaya masa ba a ɗagawa sau biyu. Yau Juma'a ake rufewa. Ya daɗe da zaɓar zama a gona, yana ma jin daɗin zaɓin a ransa: wace jami'a ce za ta yi masa irin murmushin Leah?

Da rana ta take sai ga ta a kan kabu-kabu, da jarkar kunu a cinya. Samari suka sa ihu.

"Mai digiri, ga ladan wahalarka nan ta iso!" in ji abokinsa Lukuman. "Mu dai kunun muke so, kai ka sha kallo."

Leah ba ta yi dariya ba. Ta raba kunu, ta yafito Philip zuwa gindin ɗorawa.

"Sannu da aiki," ta ce, idonta a kan ƙafafunsa masu taɓo. "Philip, jibi zan tafi Zariya."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Sun ɗauke ni digiri na biyu, ɓangaren sinadarai. Makon jiya na je na yi rajista, lokacin da na ce maka na tafi wajen gwaggona a Ribah."

Ya dube ta. Ya ji waƙar samarin ta yi nisa, kamar daga wata gona ake yinta.

"Baba ya sani?"

"Shi ya raka ni tasha. Ya ce in tafi, aure ya jira in gama."

"Ya jira." Philip ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni da na ce masa a ɗaga mini damina ɗaya, cewa ya yi ko a bariki ba a barin layi."

"Ni ba a ɗora mini golmo ba, Philip."

"Domin wa nake yinsa? Domin dawa?"

"Na taɓa ce maka ka bar karatu saboda ni? Bara har kuka na yi maka, na ce ka tafi. Ka ce so ya fi takarda. Magana ce mai daɗi, na ji daɗinta, wallahi. Amma na koma gida na yi ta tunani: shekara biyu ke nan ina zaune da digiri ina tuƙa tuwo. In mun yi aure, kai ba aiki, ni ba aiki, me za mu zama?"

"Shi ne kika ɓoye mini."

"Na ji tsoron in na faɗa, za ka yi mini irin kallon nan, in fasa."

Ya so ya yi ihu. Ya so ya jefar da garmar cikin rafi, ya tare mota a titi ko da ta shanu ce. Amma ko yanzu ya tashi, kafin ya kai Zariya an kulle ofis.

Leah ta murza bakin gyalenta. "Ban samu wurin kwana ba har yanzu. Ɗakin nan da abokinka ya kama maka a Samaru... yana nan?"

Ya daɗe yana kallonta. Kyakkyawa ce, har yanzu, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Yana nan," ya ce. "Bayan masallaci, gida mai koren ƙyaure. Ki ce ni na aiko ki. Tagar ba ta rufuwa sosai, ki tafi da bargo."

Ta ɗauki jarkar da ba komai a ciki ta nufi hanya.

Philip ya koma wurinsa a jere. Lukuman ya dube shi, bai yi tsokana ba. Garma ta sauka, ta tashi, ta sauka. Daga inuwar da yake zaune, Baba Yari ya ɗaga sandarsa ya nuna.

"Kai, mai digiri! Layinka ya karkace. Koma ka gyara."

"To, Baba," in ji Philip.

Ya koma farkon layin.