Sabon Mashin ɗin Kawu Dawuda

Ranar da Malam Atiku ya fara horon tseren rabin gudun fanfalaki na Sakkwato, ko Tambuwal bai bari ba kawunsa Dawuda ya sha gabansa da sabon mashin.

"Lahiya kaka gudu? Hau!"

"Kawu, motsa jiki nika yi."

"Ina da mashin, ɗana na gudu ƙasa? Mi mutane za su ce?"

Atiku bai iya musu da kawunsa. Ya hau. Sai da suka yi nisa a hanyar Kebbe Dawuda ya waiwayo.

"Wai ina za ka?"

"Gida."

"To sauka, ni Kebbe za ni."

Atiku ya dubi doguwar hanyar, ya fashe da dariya, ya ɗaure takalmi. Yanzu horon ya fara.