Dabinon Bronek da Ƙofar Tsohon Coci

Coci biyu ne a ƙauyen Jaworek, kuma kowanne da aikinsa. Na bulo, wanda masu gandu suka gina kafin zuriyarsu ta watse, shi ne na Lahadi da ɗaurin aure. Na katako kuwa, da ke tsugune a tsakiyar maƙabarta shekara ɗari huɗu ke nan, ba a buɗe shi sai za a yi jana'iza.

Shekara shida a jere Leokadia tana kayar da maƙwabcinta Bronek a gasar Lahadin Dabino. Dabinon nasu doguwar sanda ce da ake naɗewa da rassan bakin rafi da furannin takarda. Wanda nasa ya fi tsawo shi ya ci, muddin dai kowane taku na tsawonsa ya shiga coci ya sha ruwan albarka. Wanda bai sha ba itacen wuta ne kawai, ba ya cin gasa, ba ya kuma tsare gona daga ƙanƙara.

Bana Bronek ya ɗau abin da zafi. Tun farkon azumi ya kulle kansa a tsohuwar bargar gandu, yana ɗauri yana liƙi, har Lahadi uku bai leƙa coci ba. Shi ya sa bai ji sanarwar cewa ana gyaran rufin cocin bulo, bikin bana a na katako za a yi shi ba.

Ranar bikin ya turo dabinonsa a amalanke, taku ashirin da biyu cif, ya tarar da ƙofar cocin bulo a garƙame. Sai ya bi ƙarar ƙararrawa zuwa maƙabarta. Ƙofar tsohon cocin ko limamin cocin, Fada Hieronim, sai ya sunkuya yake shiga, tsawon ɗakin duka bai wuce taku goma sha biyar ba.

Leokadia na tsaye da nata, gajere daidai wurin.

"Tsoho, wannan dabino ne ko gada za ka yi wa rafi?"

"Ke dai tanadi hankicin share hawaye, maƙwabciya."

"Da ka zo coci da ka ji sanarwa. Amma ina, an zama waliyyin barga."

Bronek ya cusa dabinon a kwance. Kan ya taɓa bagade, teburin ibada da ke can ƙurya, taku bakwai suka rage a waje, suna hutawa kan kabarin wani tsohon mai gandu.

Fada ya dube shi da tausayi. "Ɗana, ka san doka. Abin da bai shiga ba, ban yayyafa ba."

Wani ya ce akwai zarto a gidansa. Bronek ya shafa furannin da ya yi kwana arba'in yana murɗawa da yatsunsa masu kanta.

Leokadia ta yi tsaki, ta miƙa wa wata nata dabinon. Shekara talatin tana share wannan coci, babu ramin ɓeran da ba ta sani ba. Ta zaga bayan bagade, ta janye wani allo, sai ga 'yar taga da ba ta fi faranti ba.

"Fada, an ce ya shiga. An ce lallai sai ya zauna?"

Fada ya sosa ƙeya. "Ba a ce ba."

Haka aka yi. Bronek na turawa daga ƙofa, Leokadia ta fita waje tana ja ta taga, Fada na tsakiya yana yayyafi taku bayan taku, jama'a na waƙa suna danne dariya. Sai dai tagar ta matse. Duk furen da ya iso bakinta sai ya tsige ya zube, har bayan bagade ya cika da ja da rawaya.

Abin da ya fito ta ɗaya gefen sanda ce tsirara, jiƙe sharkaf. Aka auna. Ashirin da biyu.

Bronek ya zago yana haki. "Me ya sa kika taimake ni?"

"Gonarka na jikin tawa. Ka taɓa ganin ƙanƙarar da ta san iyaka?"

Ta koma ciki, ta fito da tsintsiya ta damƙa masa.

"Ga kyautar gwani. Ka fara daga bayan bagade."